Ƙwaya da ta'addanci: wa ya ɗaura wannan aure?

Jama'a barkanmu da warhaka.

A watan Fabrairun 2002, wata biyar bayan harin 11 ga Satumba, Amurkawa sun zuba wa talabijin ido suna kallon Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon ƙasarsu. Ana cikin haka sai aka sako wata talla da ofishin yaƙi da miyagun ƙwayoyi na fadar White House ya biya kuɗinta. Saƙon shi ne, in ka sayi ƙwaya, wataƙila kuɗinka ne ke faɗawa aljihun 'yan ta'adda. A lokacin zukata a kusa suke, kowa a tsorace, maganar ta shiga.

A 2004 kwamitin da ya binciki harin ya fitar da rahotonsa. Ya ce shirya harin ya ci tsakanin dala dubu 400 zuwa 500, kuma bai samu wata hujja tabbatacciya da ke nuna Bin Laden ya tara kuɗinsa ta fataucin ƙwaya ba. Amma talla ta riga ta yi aikinta.

To ina asalin kuɗin da ke cikin cinikin ƙwaya yake fitowa? Duk wanda ya taɓa tsayawa layin gidan mai lokacin ƙarancin fetur ya san amsa. Gidan mai a rufe, ga yaro nan bakin titi da jarka da mazurari yana faɗin farashin da ya ga dama. Buƙata tana nan, hanyar halak ta toshe, sai ɗan bumburutu ya zama sarki. Amurka ta ɗanɗani wannan da giya. Ta haramta ta a 1920, masu sha ba su daina ba, cinikin ya koma hannun 'yan daba irin su Al Capone a Chicago, har sai da aka janye dokar a 1933.

Ganyen koka, wanda ake yin hodar iblis da shi, ba shi da wata tsada a gonakin Kolombiya. Haɗarin kamu da ɗauri da ƙetare iyaka ne ke ninka farashin hodar iblis kafin ta isa New York. Kuma a kasuwar bayan fage, in an cuce ka babu alƙalin da za ka kai wa ƙara, bindiga ce ke raba gardama. Nan masu makamai ke shigowa. 'Yan tawayen FARC na Kolombiya sun daɗe suna karɓar haraji daga manoman koka da masu safara, wannan gaskiya ne, babu mai musu. Abin da tallar ta ɓoye shi ne, haramcin ne ya mai da ganye zinare tun farko.

Mu leƙa Afganistan. A 2000 Mullah Omar, shugaban Taliban, ya hana noman furen da ake yin hodar heroin da shi. A 2001 abin da aka samu ya faɗi zuwa tan 185 kacal, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu kaya a rumbu suka wayi gari da arziki. Bayan sojojin Amurka sun shiga, gwamnatinsu ta kashe fiye da dala biliyan 8 da sunan yaƙi da wannan noma. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta an samu tan dubu 9, abin da ba a taɓa gani ba. Ka share wa talaka gonarsa ana gab da girbi, ga bashi a wuyansa, ga iyali. Wa kake tsammanin zai bi, wanda ya turo tarakta ko wanda ya ce zai tsare masa gona?

A 2006 majalisar Amurka ta kafa dokar da ta haɗa fataucin ƙwaya da ta'addanci cikin laifi guda, kuma tana ba da damar kama mutum ko da kayan ba Amurka za su ba. Wannan doka ta iso har yankinmu. A Disambar 2009 aka kama wasu 'yan Mali uku a Ghana, aka kwashe su zuwa New York, aka ce za su ratsa Sahara da hodar iblis da taimakon Al-Qa'ida. Sai dai mutanen da suka zo musu da tayin cinikin, masu cewa su wakilan FARC ne, 'yan leƙen asirin DEA ne, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka. Babu hodar, babu FARC ɗin. A ƙarshe aka ajiye babbar tuhumar, suka amsa laifin da bai kai ta ba, aka ɗaure su 'yan shekaru. Ni dai a ganina, tarko aka ɗana, aka kama masu kwaɗayi da cika baki, sannan aka kira 'yan jarida.

Me ya sa 'yan siyasa ke son wannan kalma ta ta'addanci? Saboda mai laifi yana da lauya, yana da ranar kotu, sai an kawo shaida. Da zarar an ce masa ɗan ta'adda, kasafin kuɗi ya buɗe, soja ya shigo, mai tambaya kuma a ce yana goyon bayan maƙiya.

A Fabrairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta sanya ƙungiyoyi irin su Sinaloa ta Meziko da Tren de Aragua ta Benezuwela cikin jerin ƙungiyoyin ta'addanci. Ranar 2 ga Satumbar shekarar, sojojin Amurka suka tarwatsa wani ƙaramin jirgin ruwa a tekun Karibiya, Trump da kansa ya ce mutum 11 suka mutu. A da, masu tsaron gaɓar teku ne ke tare irin wannan jirgi, su bincike shi, su kai mutanen gaban alƙali. Wannan karon babu wanda ya ga kotu. Ita kuwa fentanil, ƙwayar da ta fi kashe Amurkawa, akasarinta ta iyakar Meziko take shiga, a ɓoye cikin motocin da ke bin layi a ƙofofin kwastan.