Jawabin Maraba ga Farfesan Ƙwayoyin Halitta da Ƙwaƙwalwa a Jami'ar Maraɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban jami'a, wakilin Mai Martaba Sarkin Katsinar Maraɗi, malamai, lokotoroci da ɗalibai, barkanku da hantsi. Farfesa, ranka ya daɗe, lale marhabin, sannu da hanya. Ka sauka a gidan da ke ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyya ɗan garin nan, saboda haka zaman ba zai yi maka baƙo ba.

Jama'a, a zaurukan malamanmu ba a auna malami da tulin littattafan ɗakinsa, ana tambaya ne su wa suka ɗauka daga gare shi. Masu bincike ma haka suke: duk wanda ya dogara da aikinka dole ya ambace ka. A 2005 wani masanin Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'auni a kan haka: idan aka ce lambar mutum 20 ce, to yana da takardu 20 da kowace aka ambace ta aƙalla sau 20. Ma'aunin bai san komai game da ɗalibin da aka zauna da shi har dare ana koya masa riƙon madubin likita ba, amma dai yana nuna inda aiki ya kai. Ɗalibanmu sun buɗe Google Scholar, shafin intanet da ke nuna wannan lamba, sun ga ta baƙonmu ta kai nesa.

Abin da ya fi jan hankalinmu, Farfesa, shi ne bincikenka kan ƙwayoyin da suka yi shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, masu tsaron ƙwayoyin jijiya wajen miliyar 86. Mu nan shingen nan mun san shi ta hanya mai ciwo. Daga hunturu zuwa bazara, in ƙura ta tashi, sanƙarau kan ƙetare shi. Yaro ya kwana da zazzaɓi, gari na wayewa wuya ya sandare, uwa ta goyo shi zuwa likita. Wani ya warke amma kunne ya tafi, wani ya tashi da farfaɗiya, dangi su ce iska ce. Rigakafin MenAfriVac da Nijar ta soma a 2010 ya karya sanƙarau nau'in A, sai ga nau'in C ya yi mana ɓarna a 2015.

Roƙonmu ke nan: ka ɗauki ƴaƴanmu cikin bincikenka, su yi aiki da hannunsu kan cututtukan jaharmu, sunayensu su fito a takardun da za a wallafa, a riƙa ambaton Maraɗi kamar yadda ake ambaton CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai.

Allah ya ƙara basira, ya maishe ka gida lafiya. Bismillah, Farfesa, fili naka ne.