Baƙin allo a Flight Simulator: kafin ka goge wasan, buɗe fayil ɗin nan

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Ku duba nan. Wannan Flight Simulator ne, wasan tuƙin jirgin sama na kwamfuta. Jirgi na tsaye a bakin titin tashi, inji na ruri, komai lafiya lau. Sai in shiga General Options, in zo Graphics, in mayar da Display Mode daga Windowed zuwa Full Screen. In danna Apply and Save.

[Hoto: allo ya yi baƙi ƙirin, ƙarar inji ba ta tsaya ba]

To ga ta nan. Kuna jin inji, kuna jin muryar masu kula da tashin jirage, amma hoto ya yi ɓatan dabo.

Tun da mutane suka fara haɗa laftof da talabijin ɗin falo tambayar yadda za a magance wannan baƙin allo ta yi yawa, kuma amsar da ake ta ba juna ita ce "goge ka sake saukewa". Microsoft Flight Simulator na 2020 ya haura giga 100. Duk wanda ya ba ka wannan shawara, ka ce ya fara turo maka kuɗin data. Abin haushin ma, in na Steam gare ka, za ka iya kwana uku kana saukewa ka buɗe ka tarar da duhun na nan yana jiranka, domin abin da ya jawo shi ba a cikin foldar wasan yake ba.

Bari mu fara da na gaggawa, zan yi sauri a nan.

Danna Alt da Enter tare. Wannan ne ke juya wasan tsakanin cikakken allo da taga. Ka ba shi daƙiƙa biyar. Bai dawo ba? Riƙe madannin Windows da Shift, ka danna kibiyar hagu ko ta dama, wannan yana jawo taga daga wani allon zuwa wanda ke gabanka. Har yanzu shiru? Windows, Ctrl, Shift da B, duka huɗun a lokaci guda. Za ka ji ƙara "ɗit", allo ya ƙifta, direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa hoton allo, ya sake farkawa ke nan. Sai kuma Windows da P, ka tabbata ba a kan Second screen only kake ba alhali talabijin ɗin a kashe yake. Kada ku yi dariya, wannan na ƙarshen ma yana kama mutane.

Idan ɗaya daga ciki ya yi maka aiki, Alhamdu lillahi. Idan kuwa kullum ka buɗe wasan da duhu yake tarbar ka, ka gyara zama, nan ne inda ake yin kuskuren.

Wasan ba ya mantuwa. Duk lokacin da ka sauya yanayin allo, yana rubuta abin da ka zaɓa a wani ɗan ƙaramin fayil mai suna UserCfg.opt: wane allo ne, faɗinsa da tsayinsa nawa, a wane gurbi tagar za ta tsaya. Da ka sake buɗe shi, fayil ɗin yake fara karantawa, kafin ma ya nuna maka komai. To a ce jiya ka yi wasa a talabijin, yau an ɗauke wuta, ka koma laftof kaɗai. Wasan zai iya ci gaba da tura hoto inda fayil ɗin ya ce, kamar ɗan aiken da ya kafe yana sallama a ƙofar gidan da masu shi suka riga suka tashi. Hoton na nan ana zana shi, ba a inda idonka yake ba ne kawai. Shi ya sa kake jin sauti.

Kuma tunda ba ka ganin komai, ba ka da hanyar shiga Options ka gyara. Dole ta bayan gida za mu bi.

Kafin ka taɓa fayil ɗin, rufe wasan gaba ɗaya. Ina nufin gaba ɗaya. Danna Ctrl, Shift da Esc, ka nemo FlightSimulator.exe a Task Manager, ka yi masa End task. Ku kalli yadda nake jira har sunan ya ɓace daga jerin. Dalili kuwa, wasan a lokacin buɗewa yake karanta fayil ɗin, kuma in yana raye zai iya sake rubuta nasa a kan gyaranka. Mutum ya gyara, ya yi ajiya, ya buɗe, ya ga ba abin da ya sauya, sai ya ce hanyar ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce malam, ba ka rufe wasan ba ne.

Yanzu ina fayil ɗin yake? A na 2020, ya danganta da inda ka saya.

[Hoto: a rubuta hanyoyin biyu manya a kan allo, a bar su su daɗe]

In na Steam ne, danna Windows da R, ka rubuta %appdata%, ka shiga foldar Microsoft Flight Simulator. Ga shi nan. In kuwa na Microsoft Store ne ko Game Pass, rubuta %localappdata%, ka shiga Packages, ka nemo foldar da ta fara da Microsoft.FlightSimulator, sai LocalCache. Ku tsayar da bidiyon ku kwafa, ba gudu muke ba. Wanda ya sa sunan foldar nan da haruffa barkatai a ƙarshensa, Allah ya shirye shi.

Yi kwafin fayil ɗin ka ajiye a gefe tukuna. Sannan ka buɗe na asalin da Notepad.

Can sama za ka ga sashen da aka rubuta Video. Shi kaɗai muke so. Inda aka ce Monitor, mayar da lambar 0. A nan ƙirga daga sifili ake farawa, wato 0 shi ne allo na farko, 1 shi ne na biyu, kuma nan ma wasu ke ruɗewa su sa 1 suna zaton na farko ne. Inda aka ce Windowed, sa 1. FullscreenBorderless, sa 0. Abin da muka gaya wa wasan ke nan: ka buɗe a taga, kada ka mamaye allon. Sai Resolution, ba shi ƙarami wanda kowane allo zai ɗauka, 1280 da 720. PosX da PosY, duka ka mayar 0, domin tagar ta dawo kusurwar sama ta hagu. In ka tarar da wata babbar lamba a PosX, ko mai alamar ragi a gabanta, to ka kama ɓarawon, tagar tana can a gefen da talabijin ya bari. HDR10, wato saitin HDR mai ƙara wa hoto haske da launi, shi ma mayar da shi 0 a yanzu.

Yi ajiya, ka rufe Notepad.

Wasu za su ce ai goge fayil ɗin ya fi sauƙi, wasan zai ƙirƙiri sabo. Gaskiya ne zai ƙirƙira. Amma gangara ƙasa ka ga layin ƙarshe, InstalledPackagesPath. Wannan layin ne ke gaya wa wasan inda jiragenka da taswirorinka suke a kan faifai. In ka goge fayil ɗin, wasan zai tambaye ka inda zai zuba kayansa kamar yau ka fara saka shi, kuma in ka yi saurin amincewa da wurin da ya ba ka, wanda ba shi ne na da ba, sai ya kama sauke gigogin nan daga farko. Ni dai ra'ayina, gyara layi bakwai ya fi wannan kasadar. In kuma ka riga ka goge, kada ka firgita, nuna masa tsohuwar foldar, zai gane kayansa.

[Hoto: wasan na buɗewa a ƙaramar taga, jirgi a filin jirgin Malam Aminu Kano]

Kun gani? Ƙarama ce, ba ta da kyau, amma ana gani. Daga nan sai ka kunna allon da kake so, ka ja tagar da linzami ka kai ta can, sannan ka danna Alt da Enter. A jere haka: kunna, ja, sannan cika allo.

Sauran kuma a gurguje. In duhun ya dawo da zarar ka kunna HDR, kashe shi a Windows ma, Windows da Alt da B. In kana kan DX12 a na 2020, koma DX11 (zaɓin DirectX ne a Graphics na wasan) ka sake buɗe wasan. Flight Simulator na 2024 DX12 kaɗai gare shi, babu wannan zaɓin. Masu laftof mai katin hoto biyu, Intel da NVIDIA, ku shiga Settings na Windows, System, Display, Graphics, ku sa wasan a High performance. In allo na yin baƙi ya dawo da kansa bayan 'yan daƙiƙu, mai yiwuwa direban katin hoto ne ke suma yana farfaɗowa, cire shi tas da DDU, wato manhajar Display Driver Uninstaller, ka saka sabo.

Masu tsohon Flight Simulator X, wato FSX na 2006, ban manta da ku ba. Naku fayil ɗin fsx.cfg ne, a %appdata% cikin Microsoft, sai FSX, kuma layin da ya fara da Mode ne ke riƙe da girman allo. Masu X-Plane, wani wasan tuƙin jirgin na daban, naku na cikin Output, foldar preferences. Fitar da ita gefe, wasan zai yi sabuwa.

Akwai wani duhun da duk wannan ba zai yi masa magani ba. In talabijin ɗin da kansa ya rubuta No Signal, ko monita ta ce Out of Range, to mai yiwuwa an tura mata abin da ya fi ƙarfinta ne. Tashar HDMI 1.4 tana ɗaukar 4K ne a 30Hz kawai, wato sabunta hoto sau 30 a daƙiƙa, sai 2.0 ke kai 60, kuma yawancin ƙananan talabijin masu inci 32 ainihin allonsu 1366 da 768 ne, ko da kwalin ya cika baki. Shiga Advanced display a Windows, ka sauko da Refresh rate zuwa 60, ko 30 in 4K ne a tsohuwar tasha, ka gwada wani kebul ɗin, sannan ka buɗe wasan.