Taga Ce Ko Madubi? Hirar Ƙofofi da Tagogi a Gidajen Katsina

Auta: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Katsina ta Dikko ɗakin kara muke. Ni ne Auta, ga Anti Hajiya a gefena, ga kuma Injiniya ya iso da ƙurar siminti a takalminshi. Injiniya, sannu da rana.

Injiniya: Yawwa Auta, sannunmu dai. Hajiya, ina wuni? Ya zafi?

Hajiya: Zafi lokacinshi ne, Injiniya. Amma kada ka ja ni da gaisuwa, yau ƙara na kawo, kuma ƙarar irinku na kawo.

Injiniya: To, Allah ya sa da sauƙi.

Hajiya: Ka san ɗan ginin da na yi can bayan Ƙofar Ƙaura, ɗaki biyu da falo. Da aka zo kan windo, aka ce mani in sa na alminiyam mai ja gefe, mai gilashin nan shuɗi da ke ɗaukar ido. Na sa. Duk wanda ya wuce sai ya ce ma sha Allah. To tun da watan Afrilu ya kama, ni da yara a tsakar gida muke kwana. Ɗakin ya zama tanda. Alhali gidan da na tashi a Rafindadi, ɗakin ƙasa ne, tagarshi ko kan yaro ba ta ɗauka, amma da azahar sai ka nemi mayafi.

Auta: Anti, har da mayafi? An dai ɗan ƙara gishiri.

Hajiya: Kai dai yi shiru, ba a haife ka ba lokacin.

Injiniya: Ba ta yi ƙari sosai ba. Sai dai Hajiya, ba ƙanƙantar tagar ce ta ba ku sanyin nan ba, kaurin bangon ne. Ginin ƙasa yakan sha zafin rana a hankali, kafin zafin ya ratso ciki dare ya yi. Ga rufin soro na azara da ƙasa a sama. Yanzu kuwa bulo ne mai rami a ciki, inci 6 ko inci 9, sai kwano a kai. A garin da zafin bazara ke wuce digiri 40, irin wannan ɗakin ba shi da abin da zai cece shi sai iska. Iskar kuma ta taga take shigowa. Nawa ne girman taki?

Hajiya: Ƙafa 4 da ƙafa 4, haka mai aikin ya ce.

Injiniya: To ki raba biyu. Mai ja gefe, wadda masu sana'ar ke kira silaidin, ɓangare ɗaya ne ke hawa kan ɗaya. Ko kin buɗe ta iya buɗewa, rabi kike da shi: ƙafa 2 da ƙafa 4. Ragar sauro ta zo ta sake tauye iskar. Kin biya kuɗin cikakkiyar taga, kin samu rabin taga. Guda nawa ne a ɗakin?

Hajiya: Ɗaya mana.

Injiniya: Nan ne babbar matsalar. Iska baƙuwa ce mai kunya, ba ta shiga inda ba ta ga hanyar fita ba. Ɗauki kwalba ki hura bakinta ki gani. Ɗaki yana son taga biyu a bango biyu daban, in sun fuskanci juna ya fi, don wannan ta shigo da ita waccan ta fitar.

Auta: To ni Injiniya, gidanmu luba ce, mai gilashi jere-jere ɗin nan. Iska kam ba a magana. Amma da hunturu, wallahi in ka kwanta da baƙar riga da fara za ka tashi.

Hajiya: Ka tambaye mu masu shara. Sau uku a rana ake goge kan madubi, kuma ka rubuta sunanka a kai da yatsa.

Injiniya: Gaskiyarku. Luba tana ba da iska sosai, don kusan duk ramin ne ke buɗewa, kuma ko ana yayyafi kana iya karkata ta iska ta shigo ruwa bai shigo ba. Aibinta shi ne ba ta rufuwa ruf. Tsakanin gilashi da gilashi akwai kafa, ƙurar hunturu kuma ko kafar allura ta ishe ta. Ga shi ɓarawo na iya zare gilasan ɗaya bayan ɗaya ba tare da ƙara ba. Shi ya sa ni a nan Katsina na fi karkata ga mai buɗewa waje kamar ƙyaure, wadda ake ce ma kesmen. In ka tura ta, duk ramin naka ne. In ka jawo ta ka murɗa hannun, sai ta danne robar da ke jikin firam, ƙura ta tsaya waje. Bazara ta yi maka aiki, hunturu ta yi maka aiki.

Auta: Sai dai aljihu.

Injiniya: Ta fi tsada, ba na musu. Hinjis ɗinta da hannunta su ne kuɗin, kuma in aka sa marasa kyau, shekara ɗaya za ka ga ta sunkuya. Sannan in hadari ya taso ka bar ta buɗe ba a maƙale ba, iska za ta buga ta da bango.

Hajiya: Ita silaidin ɗin ba ta da wani alheri ke nan?

Injiniya: Tana da shi. Ba ta cin wuri, inda lungu ne matsattse ita ce daidai, kuma mai na'urar sanyaya ɗaki ba ruwanshi da rabin taga. Sai dai a riƙa share hanyar da tayoyinta ke bi, don ƙasa na taruwa a ciki ta cinye tayar. Akwai wasu 'yan ƙananan huji a ƙasan firam ɗin da ruwa ke fita, in suka toshe, a watan Agusta ruwan cikin ɗaki zai gangaro.

Auta: Anti, ki ba su labarin gilashin, ko in ba su?

Hajiya: Allah ya shirye ka. Ba su.

Auta: Ita fa Anti cewa aka yi da ita wannan gilashin na ciki yana ganin waje, na waje ba ya ganin ciki. Sai ta ce to labule ya huta. Ranar da na je bayan isha'i, tun daga bakin titi nake ƙirga kulolin da ke kan kabad.

Hajiya: Washegari da sassafe na aika kasuwa aka yanko labule.

Injiniya: Ai ba ƙarya aka yi maki ba, rabin gaskiya aka faɗa maki. Gilashin nan yana zama madubi ne ta ɓangaren da haske ya fi yawa. Da rana hasken waje ya fi, na waje kanshi yake gani. Da dare kin kunna ƙwai, al'amarin ya juye. Magabatanmu sun fi mu dabara kan sirrin gida. Ku lura da zaure: ƙofar shiga da ƙofar da ke kai ka cikin gida ba sa kallon juna, an goce da su, mai wucewa ba ya hango tsakar gida. Tagar da ke kallon waje kuma a sama take, sama da idon mutum. Haka nan ba su cika huda bangon gabas ba.

Auta: Me ya sa gabas?

Injiniya: Daga ina hadari ke taso mamu?

Auta: Gabas kam.

Injiniya: To ruwan da iska ke korowa bangon gabas yake duka. Yamma kuma ranar la'asar ce, mai gasa ɗaki har bayan magariba. In fili ya ba da dama, manyan tagogi su kalli kudu da arewa. In dole sai gabas ko yamma, a yi masu 'yar rumfa a kai, kuma dakalin ƙasan tagar a karkata shi waje.

Hajiya: Ni abin da ke hana ni barci ma ba zafin ba ne, ƙarafunan nan ne. Bagila. Kowace taga an walde ta kamar gidan yari. Wani dare na kwanta ina tunani, in wuta ta tashi daga falo, ta ina zan fitar da yaran nan?

Injiniya: Hajiya, kin taɓo inda ke yi mani ciwo. Mun sha jin gobara cikin dare, musamman da hunturu lokacin da ake dafa ruwa da hita ko a shiga ɗaki da garwashi, maƙwabta su taru da guduma suna dukan ƙarfe, mutane na ciki. Ba na cewa a cire bagila, halin da ake ciki kowa ya sani. Amma a kowane ɗakin kwana, taga ɗaya a yi mata ƙarfe mai buɗewa, mai hinjis, a sa kwaɗo ta ciki. Mabuɗin a rataye kusa, inda hannun na waje ba ya kaiwa amma na ciki zai lalubo shi cikin duhu. Kowa a gidan ya san wurin, har yara. A riƙa ɗiga ma kwaɗon mai, a gwada shi lokaci lokaci, kada ranar buƙata a tarar tsatsa ta cinye shi. Mai walda ba zai ƙara maki wani abin kirki a kuɗin ba, mutane ne ba sa tambaya.

Auta: Allah ya tsare. Mu koma ƙofa, kafin lokaci ya ci mu. Garin da unguwanninshi ma sunan ƙofa gare su, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa, bai kamata a bar mu a baya ba.

Injiniya: Abin da mutane ke kira ƙofa, a gaskiya ƙyaure suke nufi. Ƙofa ita ce ramin. Ƙyaure shi ne abin da ke rufewa, firam shi ke riƙe da shi, hinjis ke haɗa su, sai kuba da sakata. A ƙasa dokin ƙofa, a sama linta. Da can azarar giginya ake jerawa a saman, don gara ba ta cika iya mata ba. Yanzu kankare ne da rodi, kuma dole ta zarce ramin ta hau bango aƙalla inci 6 kowane gefe. In ka ga tsaga ta taso daga kusurwar ƙofa ta nufi sama, galibi a nan aka yi rowa.

Hajiya: Kakata asabari ne a ƙofar ɗakinta, da rana a sake shi, iska na shiga kaji ba sa shiga.

Injiniya: Har gobe ban ga abin da ya kai shi a wannan aikin ba.

Auta: To ƙofar Turkiyya da ta Sin da ake yayi fa? Na je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na ga iri-iri, duk sheƙi ɗaya, kuɗi kuma sama da ƙasa.

Injiniya: Kyan ɗan maciji ke nan. Ƙwanƙwasa ta ka ji. Wata falle biyu ne na ƙarfe siriri, cikinta kwali ne da aka yi mashi saƙar zuma. Ɗaga gefenta ka ji nauyi, ka tambayi kaurin ƙarfen. Amma ko ka sayi mai kyau, ƙarfinta yana ga firam. In ba a cika cikin firam ɗin da siminti ba, ba a kafa kunnuwanshi cikin bango ba, ɓarawo ba ya ko kallon kubar, ƙarfe zai sa ya ɓanɓare ta gaba ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasu kuma suna zuwa da mabuɗai kashi biyu, na ma'aikata da na mai gida a rufe cikin leda. Ranar da ka murɗa naka, nasu ya daina aiki. Kada ka ba birkila na cikin ledar.

Hajiya: Ni ta mai walda na sa a waje, kuma ban yi nadama ba.

Injiniya: In ya yi amfani da falle mai kauri ya shafa jan fentin hana tsatsa kafin na ado, za ki riga ta tsufa. Ƙasanta kawai za ki riƙa dubawa, nan ruwa ke kwanciya. Katako kuwa, na cikin gida, matsalarshi biyu: gara da ɗanyantaka. Yawancinshi daga kurmi ake kawo shi da laima a jiki. Kafinta ya haɗa ƙyaure da shi, hunturu ya busa, ya tsuke, sai ka ga haske ta tsakanin alluna. Damina ta zo ya kumbura, sai da kafaɗa ake rufe shi. A nemi busasshe, maɗaci ko iroko in da hali, a sa mashi maganin gara, kuma a shafe har ƙasanshi da samanshi inda ido ba ya gani.

Auta: Na banɗaki fa? Namu filawud ne, ƙasanshi ya zama kamar littafin da ya faɗa ruwa.

Injiniya: Filawud da ruwa ba sa ga maciji. Roba ko alminiyam, shi ke nan. Faɗin ƙafa 2 da rabi ya isa, na ɗaki ƙafa 3 da tsawon ƙafa 7. Kuma a tuna da tayil. Sau nawa aka kafa ƙofa, mai tayil ya zo ya ɗaga daɓe, ƙyaure ya ƙi buɗuwa, a koma yankan ƙofar da aka saya da tsada.

Hajiya: To Injiniya, duk na ji. Ni yanzu ya za a yi da tandata?

Injiniya: Bangon da ke fuskantar tagar, me ke bayanshi?

Hajiya: Ɗakin girkin maƙwabciyata.

Injiniya: Na gefe fa?

Hajiya: Tsakar gida, wajen bishiyar darbejiya.

Injiniya: Alhamdu lillahi, nan za mu huda. A tokare, a zuba linta, a sa kesmen. Ranar Asabar bayan la'asar zan zo da tef in auna.

Hajiya: Kuɗin awon fa?

Injiniya: Fura da nono, mai sanyi.

Auta: Ni zan riƙe maka bakin tef ɗin, a dama da ni. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Anti, wa zai kashe fankar nan, ko a bar maki ita ki tafi da ita gida?