Jarumin Da Ya Tafi Zubar Da Mulki

Wannan lacca ce da wani tsohon malamin adabi ya gabatar a zaman masu karatun littattafai a Jos. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, maimaici kawai aka rage.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban zama, iyayenmu, malamai, 'yan'uwa maza da mata, ina yi muku sannu da zuwa, da fatan an zo lafiya.

Littafin da aka ce in yi magana a kai shi ne The Lord of the Rings, na baturen Ingila J.R.R. Tolkien. Ya fito kashi uku a 1954 da 1955, shafinsa ya haura dubu. Marubucin ya fara shi a ƙarshen 1937, bai ajiye alƙalami ba sai 1949. Na san da yawanku kun ga fim ɗinsa da ya fito tsakanin 2001 da 2003. Fim ya nuna dawakai da takubba, ya kuma yi ƙoƙari. Amma abin da ya riƙe ni a littafin yana wuraren da fim ya wuce da sauri, ko ya tsallake ɗungurungum.

Mu Hausawa ba baƙin almara ba ne. Da dodo da aljani muka tashi, tun muna zaune gaban kakanninmu ana "ga ta nan ga ta nanku". Gasar rubutun da aka yi a Zariya a 1933 ita ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma dukansu akwai ƙasar aljanu a ciki. Har yau littattafan yaƙi da jarumta suna fitowa daga Kano, samari na rububinsu. To ku lura da abu guda. A labaranmu jarumi fita yake yi ya samo wani abu: ruwan magani, sarauta, dukiya, 'yar sarki. Ya sha wuya, ya dawo ya fi yadda ya tafi. Da wannan zaton na buɗe littafin Tolkien, sai na tarar ya kifa abin.

Ga labarin a taƙaice. Wani azzalumi mai suna Sauron ya ƙera zobe, ya zuba ƙarfinsa a ciki don ya mallaki duniya. Zoben ya ɓace masa, ya yi ta yawo har ya faɗa hannun wani talaka mai suna Frodo, daga cikin wasu gajerun mutane da ake kira hobit, manoma masu son abinci da hira, ko takalmi ba sa sawa. Manya suka yi taro kan yadda za a yi da zoben. Wani jarumi, Boromir, ya ce makami ya zo hannunmu, mu yaƙi maƙiyi da shi. Aka ce masa a'a. Duk wanda ya sa zoben nan, ko da niyyar gyara ce, ƙarshensa sai ya zama wani Sauron ɗin. Mafita ɗaya ce: a kai shi dutsen wutar da aka ƙera shi, a tsakiyar ƙasar maƙiyi, a jefa. Su tara suka kama hanya.

Jama'a, ku tsaya a nan. Shafi dubu, a kan mutumin da ya riga ya samu mulkin duniya a aljihunsa, yana tafiya a ƙasa don ya rabu da shi. Gandalf, dattijon da ya fi kowa hikima a cikinsu, Frodo ya miƙa masa zoben kyauta, ya ja da baya a firgice, don ya san tausayinsa ga raunana shi ne ƙofar da zoben zai shigo masa. Sarauniya Galadriel ma an miƙa mata, ta hango irin girman da za ta yi, ta haƙura. Mu da muke cewa giyar mulki ta ɗebi wane mun san wannan magana. Mun ga mutanen kirki da suka shiga da niyyar gyara. Abin da littafin ya ƙara mini shi ne, ba mugu kaɗai ake ji wa tsoro ba. Na kirki ya fi saurin yarda cewa shi kam ba zai lalace ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Frodo ya kai zoben har bakin wutar, bayan yunwa da ƙishirwa da sara da harbin dafi. Yana tsaye a wurin, sai ya ce ya fasa, zoben nasa ne, ya zura a yatsa. Wallahi da na zo wurin nan sai da na ajiye littafin. Jarumin ya kasa. Wanda ya ceci duniya shi ne Gollum, wata ƙasƙantacciyar halitta da zoben ya cinye shekaru kusan ɗari biyar. Ya gatse yatsan Frodo, ya ƙwace zoben, yana tsallen murna ya zame ya faɗa wuta da shi. Me ya sa Gollum yake raye har zuwa ranar? Saboda sau da yawa ya shiga hannu, ana iya kashe shi, aka ji tausayinsa aka ƙyale. Bilbo, dattijon da ya bar wa Frodo zoben, ya ƙyale shi, Frodo ya ƙyale shi, har Sam, abokin tafiyar Frodo, da ya tsane shi ya ɗaga takobi ya mayar. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kuma duk Musulmin da ya karanta wurin zai ga ƙaddara: bawa ya yi iya ƙoƙarinsa har ƙarfinsa ya ƙare, cikawar ta zo ta hanyar da bai shirya ba.

Abu na biyu shi ne nauyin duniyar da ya gina. Tolkien farfesan harshe ne a jami'ar Oxford, kuma harsunan ya fara ƙirƙira kafin labarin. Ya yi taswira, ya yi kalanda, ya yi jerin sarakuna da asalinsu. Saboda haka in matafiyan suka wuce wani kango, kangon yana da wanda ya gina shi da yaƙin da ya rushe shi. Kamar ka shiga tsohon birni ne irin Kano ko Zariya, inda kowace ƙofa take da suna da dalilin sunan, ko kai baƙo ne za ka ji cewa an daɗe ana rayuwa a nan. Kuɗin wannan kuwa haƙuri ne. Farkon littafin yana jan ƙafa: bikin cikar Bilbo shekara 111, waƙoƙi, ciye-ciye, har shekara 17 ta wuce kafin Frodo ya bar gida. 'Yan'uwana matasa, kada ku ajiye shi a nan. Sai ka san gidan da kyau sannan za ka ji zafin abin da zai same shi.

Wannan ya kawo ni wurin da fim ya yanke. An ci yaƙi, an naɗa sarki, an yi biki. Hobit huɗu suka koma ƙasarsu, Shire, suna zaton hutu. Suka tarar an sare itatuwa, an rushe tsohon gidan niƙa an kafa na tubali mai hayaƙi, an ɓata ruwan rafi, an kafa dokoki da 'yan tsaro, wasu 'yan gari ma sun shiga aikin azzaluman. Tolkien ya yi ƙuruciyarsa a wani ƙauye, Sarehole, kusa da Birmingham, ya kuma ga yadda birnin masana'antu ya haɗiye shi. Shi dai ya ce littafinsa ba kwatancen wani abu na zahiri ba ne, amma ya bar wa mai karatu damar ya ɗora shi kan rayuwarsa. To ni da na ɗora, Filato na gani. Ku fita Rayfield, ku je Bukuru, ku gangara Barikin Ladi, ku dubi kududdufan da haƙar kuza ta bari. Ƙasar noma ce aka kwashe. Tsakanin 1942 da 1944 har aikin tilas aka yi, aka ɗebo talakawa daga lardunan Arewa suka zo cikin sanyin nan, wasu ba su koma gida ba. Kuza ta tafi Turai, ramukan suna nan, har yau suna cin yara masu zuwa wanka.

Shire ta farfaɗo. Sam ya sake dasa itatuwa, ya yi aure, ya haihu. Frodo ne bai warke ba. Duk shekara in ranar da aka sare shi ta zagayo sai ciwon ya tashi. Mutanen garinsu ba su ma san girman abin da ya yi ba. Ƙarshe dai ya hau jirgin ruwa ya bar ƙasar da ya ceta. Wanda ya rubuta wannan ya san abin da yake faɗa. An haife shi a Afirka ta Kudu a 1892, ya zama maraya gaba da baya yana ɗan shekara 12, ya shiga yaƙin Somme a Faransa a 1916, kuma shi da kansa ya rubuta cewa zuwa 1918 duk aminansa sun mutu sai ɗaya. A ɗakin nan akwai waɗanda suka ga rikice-rikicen Jos na Satumban 2001, da Nuwamban 2008, da Janairun 2010. Kasuwa ta koma ci, an sake gini, yara sun girma. Amma kowannenmu ya san wani da har yau ba ya iya bin wata unguwa, ko wata uwa da in watan ya kama ba ta barci. Ban taɓa karanta littafin almara da ya girmama irin waɗannan mutane kamar wannan ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, akwai abin da ya sosa mini rai. Mutanen kirki a littafin yawanci farare ne daga yamma. Waɗanda suka zo daga kudu da giwaye, masu duhun fata, suna bayan azzalumi. Baƙin mutum ba zai karanta wannan bai ji wani abu ba. Wanda ya fi damuna ma shi ne halittun da ya kira Orc, runduna guda da ba na kirki ko ɗaya a cikinta, ana kashe su ba a waiwaya. Mu a garin nan mun san inda wannan tunani yake kai mutane, ranar da aka ce duk 'yan wancan ɓangare halinsu ɗaya. Sai dai akwai wuri guda da ya sa ban yanke masa hukunci ba. Sam ya ga gawar wani sojan kudu ta faɗo kusa da shi, sai ya shiga tunanin ko mene ne sunansa, daga ina yake, mugu ne da gaske ko ƙarya da barazana ne suka rabo shi da gida, ko da ya fi son ya zauna can lafiya. 'Yan layuka ne kawai. Na so a ce ya yi shafi goma a kai.

Shugaba ya ce akwai tambayoyi. Bismillah, ɗana.

Tambaya: Malam, wasu iyayenmu suna cewa irin waɗannan littattafai na tsafi ne, bai kamata a karanta ba.

Allah ya yi maka albarka. Iyaye suna da gaskiyar su duba abin da 'ya'yansu ke karantawa, hukunci kuma na malaman fiƙihu ne. Abin da zan shaida a matsayina na wanda ya karanta shi ne, babu wani surkulle a ciki da za ka koya ka aikata. Duk wanda ya nemi ƙarfi ta ɓoyayyar hanya a labarin, halaka ya yi. Saruman masani ne babba, kwaɗayin iko ya mayar da shi abin tausayi. Marubucin Kirista ne ɗan ɗarikar Katolika mai riƙo da addininsa, amma bai sa coci ko wa'azi a ciki ba. Ka ba Baba labarin da bakinka, ka ji me zai ce.

Tambaya: Baba, mata fa? Kuma za a iya rubuta irinsa da Hausa?

Mata kaɗan ne, 'yata, wannan gaskiya ce, cikin su taran nan babu mace. Amma ki nemi Eowyn, wadda aka ce ta zauna gida, ta yi shigar maza ta fita, ita ta kashe babban kwamandan maƙiyi.

Batun rubutawa kuwa, kayan aiki muna da su har sun yi yawa. Ga Barbushe da Tsumburbura a kan Dala. Ga rijiyar Kusugu a Daura. Ga ganuwar Amina, ga kangon Surame da Kanta ya gina a Kabi, ga hare-haren Kwararrafa da suka kai har Kano. Nan kusa, gidan tarihin Jos da aka buɗe a 1952 yana ajiye da gumakan yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, fuskokin mutanen da suka rayu sama da shekara dubu biyu. Abin da nake roƙon marubutanmu shi ne su rage gaggawa. A littattafan yaƙinmu jarumi yakan sare mutum dubu a shafi ɗaya, ya tashi ko ƙwarzane babu, kuma garin da ake yaƙin ba ka san me ake nomawa a ciki ba. Ki zauna ki zana taswirar ƙasarki tukuna. Ki san kwana nawa ayari yake yi daga wannan rijiya zuwa waccan, wa ya gaji wa a sarauta, wace waƙa mata suke yi a wurin daka. In kin kawo yaƙi, ki gaya mana sunan wanda ya faɗi a ɗaya ɓangaren, da wanda yake jiransa a gida. In kin gama babin farko ki kawo shi zaman nan, mu karanta tare.

Na ji an kira la'asar. Shugaba, na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.