A Bar Yaro Ya Faɗa Kafin Ya Rubuta: Darasi Ga Malaman Ƙaramar Sakandare

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwana, barkanmu da war haka. Ya makaranta, ya ɗalibai, ya haƙuri da ƙurar alli? Darasinmu na yau na masu koyar da Hausa ne a ƙaramar sakandare, aji ɗaya zuwa aji uku, amma malamin Turanci ma ya tsaya ya kalla, zai yi masa aiki a ajinsa. Na ɗauka kowa na da allo da alli, yara na da littafin rubutu da biro, kuma kun san tsara darasi, don haka ba zan tsaya a kan wannan ba.

Wani malami daga wajen Gumel ya aiko da tambaya. Ya ce yaransa in an fita tara ba ka jin maganar kowa saboda gardama, amma da ya ce a rubuta insha'i sai aji ya yi tsit, a ƙarshe a miƙo masa layi biyu. To Malam, amsar tana cikin tambayarka. Yaron da zai tsaya rabin awa yana kare ƙungiyar ƙwallonsa, ya kawo dalili, ya rushe na abokinsa, ai ya riga ya iya insha'in muhawara. Ba a taɓa nuna masa cewa abin da yake yi da baki shi ake so a takarda ba. Shi ya sa a ajina baki ke fara aiki, sannan biro, sannan a karanta, duk a darasi ɗaya na minti 40.

Za mu fara da batun da za a yi gardama a kai. Don Allah ku bar "malami ya fi likita amfani" ya huta. Yaran sun gaji wannan daga yayyensu, haddarsa za su zubo maka, ba tunaninsu ba. Ɗauko abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya: a daina sa ɗalibai shara da safe, ko a bar ɗalibi ya zo da waya, ko makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo wacce ta fi. Bari in rubuta na ƙarshen nan. Ɗana, matso da kyamarar nan kusa da allo su gani. Yauwa.

Daga nan sai ka ce kowa ya juya ga na kusa da shi, ɗaya ya goyi baya, ɗaya ya ƙi. Kada ka ce a ja benci a yi rukuni. Aji mai yara sittin ko saba'in, kafin a gama jan benci an buga ƙararrawa. Ka ba su minti goma, a'a, goma ya yi yawa, ku ce biyar, in ya wuce haka hira ake komawa. Ajin zai ɗauki hayaniya, wannan dole ne. Ka gaya wa malamin ajin da ke maƙwabtaka da kai tun da safe, ka kuma sanar da shugaban makaranta, kada ya leƙo ya zaci aji ba malami.

Suna cikin yi, kai kuma ka rubuta kalma uku a gefen allo: ra'ayi, dalili, misali. Ni nakan ce wa yara duwatsun murhu ne, ka cire ɗaya tukunya ta kife. Kowane sakin layi na muhawara a kan waɗannan ukun yake zaune.

Sai ka ta da yarinya guda. Za ta ce maka, "Makarantar jeka-ka-dawo ta fi." Madalla, ga ra'ayi. Saboda me? "Saboda ta fi daɗi." To a nan ne yawancinmu muke cewa "da kyau, zauna", alhali ba ta ba da dalili ba, ra'ayin ta maimaita. Kada ka ce mata ta yi kuskure. Ka ce, "Daɗi kamar yaya?" Za ta yi shiru, ta dubi ƙasa, ta murɗa bakin hijabi. Ka jira ta. Wannan jiran yana da wuya, bakinka zai yi ƙaiƙayin ba ta amsa, amma ka daure. Can sai ka ji ta ce, "Saboda mutum yana taya iyayensa aiki." Ga dalili ya fito. Ba mu misali. "Ni da yamma nake kai wa Inna niƙa, in ɗebo ruwa, in ina makarantar kwana ba mai yi mata." Ka ɗauki alli ka rubuta maganarta yadda ta faɗe ta, kada ka gyara mata da manyan kalmominka. Ka sa aya, ka sa waƙafi, ka ja baya ka ce, "Ga sakin layi, wance ce ta yi shi." Ku dubi fuskar yarinyar a lokacin. Ranar ta gane ashe rubutu ba wani abu ne da ke cikin littafin malam kaɗai ba.

Bayan haka kowa ya rubuta nasa, minti goma sha biyu, sakin layi ɗaya tak. Ba gabatarwa, ba kammalawa, waɗannan sai zango na biyu.

To yanzu ga wurin da nake so mu daɗe, don shi ya fi wahalar da ni lokacin da na fara koyarwa: raba kalma da haɗe ta. Yaro zai kawo tunani mai kyau, amma ya rubuta "ya na", ya rubuta "shine", ya rubuta "zata". Ku duba allo. Yana, tana, muna, kuna, suna, duk a haɗe suke. Yake, take, suke, a haɗe. Yakan, takan, sukan, a haɗe. Amma kalmar "za" ita kaɗai take tsayawa: za ta, za su, za mu. In ka haɗe za da ta, ka rubuta zata, wato ta zato, magana ta canza. Haka ma "ne" da "ce", ba sa manne wa kowa: shi ne, ita ce, gida ne, mota ce. Sai mallaka: littafinsa, rigarta, gonarmu, a haɗe. Amma ya ba shi, ta gan su, an kira mu, a rabe, domin nan aiki ne ya faɗa a kansu.

Wanda ya fi kowanne rikita yara, har da manya masu rubutu a Facebook, shi ne akan da a kan. Ga gwajin da nake ba su. In za ka iya cire shi ka sa "bisa" ko "game da" maganar ta zauna, to a rabe yake: littafi yana a kan tebur, mun yi magana a kan jarrabawa. In kuwa abu ne da aka saba yi, a haɗe yake: akan yi sanyi a watan Janairu, akan tashi ƙarfe biyu. Bari in goge wannan layin, ya karkace, na baya ba za su gani ba. To. Ka rubuta jimla biyar da gurbi, su cike. Ka maimaita mako mai zuwa da wasu jimlolin. Ba ya zama a karo ɗaya, kada ranka ya ɓaci.

Sai ƙugiya. Ɓ, ɗ, ƙ. Yaran yanzu sun saba da rubutun waya, sun ɗauka ƙugiyar ado ce. Ka rubuta musu "ya shiga daki" da "ya shiga ɗaki", "baki sun zo" da "baƙi sun zo", su karanta da ƙarfi, su da kansu za su ji bambancin. Waɗannan haruffa tun shekarun 1930 suke cikin rubutun boko, kuma batun daidaita rubutun Hausa har taro aka yi a kansa a Bamako a 1966. 'Yan'uwanmu masu kallo daga Maraɗi da Damagaram, na san ku ƴ mai ƙugiya kuke rubutawa inda mu muke sa 'y, ku bi abin da manhajarku ta ce. Af, mai wayar Android, Gboard, wato manhajar rubutu ta waya, yana da Hausa, ka shiga wajen harsuna ka ƙara, haruffan duk suna nan.

Wajen maki kuma, ni ba na jiƙa littafin yaro da jan biro. Wannan makon rubutun "za" da "ne" kawai nake dubawa, sauran in kawar da kai. Yaron da ya buɗe littafinsa ya ga ja ko'ina, rufewa yake yi, ba ya karanta gyara ko ɗaya.

Mun rubuta, saura karatu. A yi musayar littafi, kowa ya karanta wa abokinsa abin da abokin ya rubuta, a bayyane, yadda yake a takarda, ba ƙari ba ragi. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe ko numfashinsa ya ƙare, mai rubutun ya ɗiga alama da fensir. Galibi za ka tarar aya ce ta ɓace a wurin, ko an tsallake kalma. Kunnen yaro ya fi idonsa saurin kama kuskurensa.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake son su karanta rubutun juna. Yaranmu sun taso a makarantar allo da Islamiyya, kunnensu ya horu da hadda, kuma wannan baiwa ce babba. Amma tana iya rufe maka ido. Ka biya musu shafi sau biyu, yaro ya tashi ya zubo shi tas, yatsansa na bin layi, ka ce ma sha Allah, alhali da ka yake yi. Ka nuna masa kalma a tsakiyar shafi, ko ka ce ya faro daga layin ƙarshe, nan za ka san gaskiya. Rubutun abokinsa kuwa bai taɓa jin sa ba, dole ya karanta. Don auna fahimta ma nakan yanko labari daga tsohuwar jaridar Aminiya, abin da ba ya cikin littafin aji.

In ka gano wanda bai iya karatu ba, kuma za ka gano, ko a aji biyu akwai su, ina roƙonka kada ka tona shi a gaban aji. Ɗan shekara goma sha uku kunya ta fi masa bulala ciwo, gobe ba za ka gan shi ba. Ka tsayar da shi bayan an tashi, ko lokacin tara, ku koma gaɓa: ba, bi, bu, ka, ki, ku, a haɗa su a yi kalma. Rubutun Hausa yana da sauƙin da na Turanci ba shi da shi, yawanci yadda aka rubuta haka ake furtawa. Minti goma kullum, cikin zango guda za ka ga canji.

Da yake mun zo nan, masu tambayar ɗan littafin da na haɗa, yana nan. Batutuwan muhawara ne da gajerun labarai na auna fahimta da jimlolin cike gurbi irin waɗanda na nuna yanzu, an jera su aji-aji. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma makarantar da ta ɗauki da yawa akwai ragi. Ku yi mini magana ta WhatsApp. Wanda ba shi da hali ya kwafa daga allon nan, na yafe.

Abu na ƙarshe, iya magana. Waɗanda suka yi karatun zaure sun san yadda malaman balaga suka bayyana ta: magana ta dace da halin da ake ciki da wanda ake yi wa ita. Ba sai ka kai yaran aji biyu ga rassan balaga, wato ma'ani da bayani da badi'i, ba. Ka ba su buƙata ɗaya, masu sauraro uku. Misali, kana son zuwa kallon wasan makarantu ranar Asabar. Faɗa wa abokinka. Faɗa wa Baba. Rubuta wa shugaban makaranta. Ga aboki zai ce, "Kai, zo mu je mana." Ga Baba sai ya rusuna ya gaishe shi, ya fara da cewa ya gama aikin da aka sa shi, ya faɗi wanda za su tafi tare da lokacin dawowa. Ka tambayi aji, me ya sa bai yi wa Baba magana irin ta aboki ba? Su za su ba ka amsa, domin tarbiyyar gida ta riga ta koya musu. Na shugaban makarantar kuma, ka ga ka shiga darasin wasiƙa ke nan ba tare da ka sanar ba.

Ku kula da karin magana a muhawara. Yara suna son ta, alƙalai ma suna ba ta maki, amma ba ta zama dalili. Wannan ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, wancan ya ce sauri ya haifi nawa, to wa ya yi nasara? Ka ce musu a kawo dalili da misali tukuna, karin magana ta zo ta ɗaure. Ku lura da akan ɗin nan na bugun ƙarfe, a haɗe yake, kuna iya sa shi cikin jimlolin gwaji.

Masu aji uku, jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, na jiran yaranku a ƙarshen shekara, kuma a zauren jarrabawa ba abokin gardama. Don haka daga zango na biyu ku riƙa rage maganar baki. Minti biyar ɗin nan ya koma na shiru, yaro ya rubuta kalma ukun a gefen takarda, ya tambayi kansa saboda me, kamar yaya, sannan ya fara.

Ku gwada wannan a aji ɗaya cikin makon nan, ku ɗauki hoton sakin layi biyu, mai kyau da mai rauni, ku rufe sunan yaran, ku turo mini. Da su za mu yi darasi na gaba, yadda ake haɗa sakin layi uku su zama cikakken insha'i. Allah Ya ba mu ladan aikin, Ya yi wa yaranmu albarka. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.