Ƙafar da jini bai isa ba: tafarnuwa da ginko za su iya?

Jama'a, assalamu alaikum. Za ku ga dattijo ya taso daga kasuwar Wunti ta Bauchi, bai yi nisa ba sharaɓarsa ta ɗaure, dole ya tsaya. Ya ɗan huta ta saki, ya ci gaba, ta sake kamawa. A gida sai a ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa jijiyar da ke kai jini ƙafa ce ta tsuke, kitse ya taru a cikinta kamar tsatsa a bututun ruwa. Ciwon suga, sigari da hawan jini ne kan gaba wajen jawo hakan.

To, ina maganin itatuwa? Ba abin rainawa ba ne, asfirin kansa tushensa sinadarin ɓawon itace ne. Amma sai an gwada. An fi gwada ganyen ginko, bishiyar ƙasar Sin. A 2013 masana na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, suka tattara gwaji 14 a kan mutum 739, ba su ga wani bambancin kirki ba a nisan tafiyar da masu shan sa ke iya yi. Tafarnuwa ma ba ta nuna tana buɗe jijiyar ba. A miya dai, bismillah. Abin tsoron shi ne haɗa ƙwayoyinsu da maganin tsinka jini irin su wafarin, don suna iya jawo zubar jini. Kuma ganin lambar NAFDAC a kwalbar mai tallan magani da lasifika ba shaida ba ce cewa duk abin da yake faɗa an tabbatar.

Abin da ya yi tasiri a gwaji kyauta ne: tafiya. Minti 30 zuwa 45, sau 3 a mako, har wata 3. Ka yi ta tafiya har ciwon ya taso, ka huta, ka ɗora. A bar sigari, a riƙe maganin suga.

Amma in ƙafa na zogi kana kwance da dare, ko yatsa ya fara baƙi, ko gyambo ya ƙi warkewa, a ajiye jiƙo, kar a gasa da ruwan zafi. A wuce Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibiti mafi kusa a ranar, a duba gudun jinin ƙafar.