Darasi: Wa Ke da Ikon Bakin Titi a Birnin Sakkwato?

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau a kan wurin ajiye motoci ne a tsakiyar birnin Sakkwato, da kuma muhawarar da ke tashi a majalisun ƙananan hukumomi duk lokacin da aka zo maganar wa zai karɓi kuɗin fakin da wa zai hana gini a bakin titi.

Bari mu fara da abin da ido yake gani. Duk wanda ya bi ta gefen Babbar Kasuwa da hantsi, ko ya ratsa titin Ahmadu Bello bayan la'asar, ya san yadda abin yake. Mai shago ya fito da rumfarsa har kan magudanar ruwa, ya ajiye janareto a gabanta. Mai sayayya ya zo da mota bai sami inda zai shiga ba, sai ya tsaya a kan kwalta. A bayansa mai keke Napep yana sauke fasinja, 'yan kabu-kabu kuma sun jeru suna jiran wanda zai fito da kaya. Titin da aka yi domin mota biyu su wuce a jere ya koma hannu ɗaya, sai ham da cacar baki.

Idan kansiloli suka zauna a kan wannan, galibi ra'ayi biyu ake ji. Wasu suna cewa a sa kuɗin fakin, a ci tarar mai laifi, domin ƙaramar hukuma ta sami kuɗin shiga kuma titi ya buɗe. Wasu kuma suna cewa hakan zai kori masu sayayya, ya ƙara wa 'yan kasuwa nauyi a kan harajin da suke biya. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma a ganina dukansu suna jayayya ne a kan abin da aka riga aka yanke a wani ofishin da ba nasu ba.

Ga dalilina. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da sa ido a kan shaguna da allunan talla, da raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Dokar haraji ta 1998 ma ta lissafa kuɗin tasha da tarar ajiye mota ba bisa ƙa'ida ba a cikin abin da ƙaramar hukuma take karɓa. To amma fili fa? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma ta ce filin da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni yana ƙarƙashin kulawarsa, ƙaramar hukuma kuwa ikonta na bayar da fili ya tsaya ne a karkara. Kotun Ƙoli kuma, a shari'ar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, ta yanke hukunci a 2003 cewa tsara birane aikin jihohi ne. Ke nan shugaban ƙaramar hukumar Sakkwato ta Arewa ko ta Kudu yana iya tura ma'aikaci da rasit, amma ba shi ne yake sa hannu a kan taswirar gini ba. Wannan aikin hukumar tsara birane ta jiha ne.

A nan ne gizo ke saƙar. Mu ɗauka mutum yana da gidan gado a bakin babban titi, ya rushe zaure da ɗakunan gaba, ya tayar da bene mai shaguna ashirin. Satifiket ɗin filin ya ce wurin zama ne, amma yanzu ya zama kasuwa. Ranar da aka bar ginin ya tashi ba tare da an tambayi inda masu zuwa shagunan za su tsaya ba, ranar aka haifar da cunkoson. Ma'aikacin da ya zo bayan shekara biyu yana cin tarar direba, ihu ne bayan hari.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, domin mutane da yawa ba su san yawan filin da mota take ci ba. Ƙaramar mota ɗaya tana bukatar wuri mai faɗin kusan mita biyu da rabi da tsawon mita biyar, idan kuma aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, abin yakan kai murabba'in mita 25 ko fiye. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 da ƙafa 100, bai wuce murabba'in mita 465 ba. Ko da ba a aza bulo ɗaya a kansa ba, motoci 18 ne iyakar abin da zai ɗauka. Wannan lissafin ne ya sa mai fili yake gudun sharaɗin barin wurin fakin, domin a idonsa kowace mota ta cinye masa shago guda.

Kuma dole a yi wa tsohon gari adalci. Birnin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809, unguwannin da ke kewaye da fada da Hubbare da Masallacin Shehu, an shata lungunansu ne domin mai tafiya a ƙasa da doki da jaki. Idan aka ce kowane shago a can sai ya ware wurin mota, to rusau ake nufi, kuma ba na jin akwai Basakkwacen da zai yarda da haka. Ko a Amurka, inda motoci suka yi yawa, birnin Buffalo ya soke irin wannan sharaɗi a 2017 saboda yana hana gyara tsofaffin gine-gine. Abin da ya fi dacewa da tsohon gari shi ne fili ɗaya na jama'a a wajen ƙofa, inda za a ajiye mota a ƙarasa da ƙafa ko da keke. Amma sababbin unguwannin da ke bazuwa ta wajen Wamakko da Dange Shuni ba su da wannan uzuri, domin filin yana nan kuma ginin bai riga ya tashi ba.

Shi ma wannan fili na jama'a, ƙaramar hukuma ba za ta iya karɓe shi da kanta a cikin birni ba. Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ne ikon soke mallakar fili saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya wajabta biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai. Saboda haka kansilan da yake son titin mazaɓarsa ya buɗe, aikinsa na farko shi ne ya sa majalisarsa ta rubuta wa ma'aikatar filaye da hukumar tsara birane, ta nuna filin da take so da adadin motocin da zai ɗauka.

Kai kuma mai sauraro, idan an karɓi kuɗin fakin a hannunka, ka nemi rasit mai ɗauke da sunan hukumar da ta karɓa. Idan kuwa maƙwabcinka ne ya fara haƙa tushen shaguna har bakin kwalta, kada ka ɓata lokaci a sakatariyar ƙaramar hukuma. Ka kai kokenka a rubuce ga hukumar tsara birane tun ginin bai kai linta ba, kuma ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.